Fiffiken da Ba Na Tashi Ba

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Aboabo da la'asar, zai ga ƙananan motoci ɗauke da wani ɗan fiffike a kan but. Samarinmu na Zango kan sayo shi, su kai wa makaniki ya ɗaura, suna cewa yana sa mota ta kama hanya. Maganar tana da asali, amma da sauran bayani.

Kakanninmu fatake ba su da wata rigima da iska. Da jaki suka yi fataucin goro zuwa Salaga, har yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, sannan Turawa suka mayar da Tamale hedkwatar Arewa a 1907. Ilimin madugu shi ne daidaita mangala, kada ɓari ɗaya ya rinjayi ɗaya. Sai da mota ta karɓi aikin jaki, gudu ya ƙaru, iska ta zama abar lissafi.

An ƙera fiffiken jirgin sama ne yadda matsin iska a ƙarƙashinsa zai fi na samansa, shi ya sa yake ɗagawa. Idan aka kifa shi, sai ya danne mota ƙasa, tayoyi su ƙara cizon kwalta a kwana. Akwai kuma ɗan tudun da ake yi a gefen but, wanda aikinsa karya iskar da ke neman ɗaga bayan mota.

Tun 1928 kamfanin Opel na Jamus ya gwada kifaffen fiffike a motarsa mai roka, RAK 2. A 1956 Michael May, injiniya ɗan Suwizalan, ya ɗaura babban fiffike a kan Porsche 550, masu shirya tsere suka hana shi. A 1968 dabarar ta shiga tseren Formula 1, aka riƙa kafa fiffike bisa dogayen sanduna. A tseren Basalona na 1969 sandunan motocin Lotus biyu suka karye, Graham Hill da Jochen Rindt suka daki shinge a wuri guda, dalilin da ya sa aka haramta irin wannan ɗauri. Ko Audi TT sai da aka janye ta a 1999 aka ƙara mata tudun baya, bayan haɗurran da ta yi a tsananin gudu.

To, ina fiffikenmu a cikin wannan tarihi? Ƙa'idar ita ce, idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin iska yakan ninka huɗu. Dannewar da ake samu a kilomita 200 cikin awa ta ninka ta kilomita 50 sau 16. Ke nan a cikin gari fiffiken ado ne kawai, wanda aka ɗaura ba tare da awo ba kuwa sai dai ya ƙara shan mai. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Mafi muni, yakan ba yaro ƙarfin gwiwar taka wuta da suɗaɗɗun tayoyi.

Inda iska ke taɓa rayuwarmu da gaske shi ne manyan motocin doya da albasa a hanyar Kumasi da ta Bolgatanga. Garkuwar da ake gani a kan rufin direba ta yaɗu ne bayan tsadar man fetur ta 1973, domin ta kauce da iska daga kaya. Amma idan lodi ya zarce ta, amfaninta ya ƙare: nauyi ya koma sama, iskar hunturu ta samu bangon da za ta tura, ga kuma 'ya'yanmu zaune a bisa buhuna.

Madugu bai san Formula 1 ba, amma ba ya barin zango sai ya duba mangala. Mu duba lodi da taya kafin mu nemi fiffike. Allah Ya kiyaye hanya.