3.2 Gidan Ɗan Hausa da Asalin Rubutun Boko

Wanda ya ziyarci Gidan Ɗan Hausa a unguwar Nasarawa ta Kano zai tarar da ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara, irin na sarakunan gargajiya. Amma Bature ne ya zauna cikinsa, wato Hanns Vischer, ɗan asalin ƙasar Suwizalan, wanda Kanawa suka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa saboda jin harshen da ya yi.

A shekarar 1909, shekara shida bayan Turawa sun ci Kano, Vischer ya buɗe makarantar Nasarawa, inda aka koyar da 'ya'yan sarakuna da malamai karatu da rubutun Hausa da baƙaƙen boko maimakon ajami. A 1912 kuma ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa. Ke nan, bokon da yara ke koya a makarantun Gusau da Tsafe da Bungudu yana da tushe a wannan gida. Sai dai wannan tsari ne ya fara ture ajami daga harkokin mulki, abin da mai kallon adon bangon gidan ba lallai ya lura da shi ba.