Hatimin Minton: yadda ake karanta shekarun tangaram daga gindinsa

A cikin wannan ɗan nazari za mu duba tarihin masana'antar Minton ta ƙasar Ingila, tare da alamomin da take sawa a gindin kayanta. Ra'ayinmu shi ne, waɗannan alamomi rubutu ne mai ƙa'ida, kuma wanda bai san ƙa'idar ba yana iya kuskuren shekaru da yawa.

Thomas Minton ya kafa masana'antar a Stoke-on-Trent a 1793. Bayan rasuwarsa a 1836, ɗansa Herbert ya gaje shi, ya kuma ɗauko wani Bafaranshe, Léon Arnoux. Shi ne ya ƙirƙiro tangaram na yumɓu mai ƙyalli da launuka, wanda aka kira majolica, aka baje shi a babban nunin Landan na 1851. A 1968 Minton ta shiga hannun Royal Doulton.

Alamomin kashi uku ne. Na farko, daga 1842 an riƙa danna wata ƴar alama a ɗanyen yumɓu, kowace shekara da tata. Na biyu shi ne suna: tun wajen 1862 ake danna MINTON, daga 1873 ya koma MINTONS. Ke nan harafi guda ya raba zamani biyu, kamar yadda ƙugiya ke raba kafa da ƙafa. Na uku doka ce ta kawo su. Daga 1842 zuwa 1883, zanen da aka yi wa rajista yana ɗauke da alama mai kusurwa huɗu, da IV a samanta, wato rukunin kayan yumɓu. Daga 1884 lamba ta maye gurbinta. Kalmar England kuwa ta bazu ne daga 1891, bayan dokar kwastan ta Amurka ta 1890 ta tilasta bayyana ƙasar da kaya suka fito.

A nan ne ake yawan tuntuɓe. Alamar rajista tana nuna ranar da aka kare zanen, alhali ana iya ci gaba da ƙera shi shekaru bayan haka. Haka ma 1793 da ke kan kayan ƙarni na 20, shekarar kafuwa ce.

Don haka muke ganin kowace alama iyaka ɗaya take bayarwa: farantin bai girme ta ba. Sai an haɗa su duka, a ɗauki mafi ƙuruciya, sannan a yanke hukunci.