Daniel Amokachi

Daniel Owefin Amokachi (an haife shi ranar 30 ga Disamba, 1972, a Kaduna) tsohon ɗan wasan ƙwallon ƙafa ne na Najeriya kuma mai horarwa. Ɗan wasan gaba ne, ana yi masa laƙabi da "The Bull", wato Bijimi, saboda ƙarfinsa da gudunsa.

Farkon wasa

Ya fara fice a ƙungiyar Ranchers Bees ta Kaduna. Yana ɗan shekara 17 koci Clemens Westerhof ya tafi da shi gasar cin kofin Afirka ta 1990 a Aljeriya, inda Najeriya ta zo ta biyu.

Wasa a Turai

A 1990 ya koma Club Brugge ta Beljiyam. A Nuwamba 1992 ya ci CSKA Moscow ƙwallon da ta zama ta farko a matakin rukuni na gasar Zakarun Turai. Everton ta Ingila ta saye shi a 1994 kan fam miliyan 3. A wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA a 1995, ya shiga fili tun kafin koci Joe Royle ya ba da izini, ya zura wa Tottenham ƙwallo biyu, aka tashi 4-1. Everton ce ta ɗauki kofin. Daga 1996 zuwa 1999 ya buga wa Besiktas ta Turkiyya, sai ciwon gwiwa ya katse masa wasa tun bai cika shekara 30 ba.

Tawagar Najeriya

Yana cikin Super Eagles da suka lashe kofin Afirka na 1994 a Tunisiya. A gasar cin kofin duniya ta wannan shekara a Amurka ya ci Bulgeriya da Girka. A wasan ƙarshe na Olamfik a Atlanta a 1996, shi ne ya farke ƙwallo ta biyu, Najeriya ta doke Ajantina 3-2 ta samu zinare.

Aikin horarwa

Ya horar da Nasarawa United, daga baya ya zama mataimakin Stephen Keshi a tawagar da ta ɗauki kofin Afirka na 2013 a Afirka ta Kudu. Ya kuma jagoranci Ifeanyi Ubah da JS Hercules ta Finland. A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa shi mai taimaka masa na musamman kan wasanni.