Kujerar Wanka da Lafiyar Masu Raunin Gaɓɓai: Nazari a kan Banɗakin Gida a Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda tsofaffi da masu lalurar gaɓɓai suke wanka a gidajen arewa maso yammacin Jihar Jigawa. Ta dogara da fasalin banɗakin gidan Bahaushe, da binciken da aka wallafa a kan faɗuwa, da hukuncin wanka a mazhabar Malikiyya. Matsayarta ita ce, babban haɗarin wankan bokiti yana cikin tsugunawa da miƙewa, don haka maganinsa mazauni ne mai tsayin gwiwa, da madogara, da wurin ɗora bokiti, waɗanda masu sana'ar gari za su iya yi, kuma ya kamata a lissafa su cikin abin da ake kira banɗaki mai inganci.

Gabatarwa

A watan Oktoba na 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da yin bahaya a fili. Aiki ne da hukumar ruwa da tsaftar karkara ta jihar ta yi tare da UNICEF da dagatai da masu unguwanni, ana bi gida-gida ana zaburar da magidanta su haƙa masai. Ya cancanci yabo. Sai dai ma'aunin aikin ya tsaya ne a bakin rami: akwai masai, yana da murfi, akwai abin wanke hannu. Taki biyu daga nan, sau da yawa cikin kewaye ɗaya, akwai inda ake ajiye bokiti a yi wanka, kuma shi bai shiga lissafi ba. Ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa, waɗanda ke ƙarƙashin Masarautar Kazaure, da Babura ta Masarautar Ringim, sun haura mutum rabin miliyan a jimlace tun a ƙidayar 2006. A cikinsu akwai dattijon da ciwon ƙafa ya hana shi durƙusawa, da wanda hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, da wanda aka yanke wa ƙafa saboda ciwon suga ko haɗarin babur, da mai tsohon ciki. Akwai kuma waɗanda shan-inna ta kama suna yara. An tabbatar da kawar da nau'in ƙwayar cutar na asali daga Afirka a watan Agusta na 2020, amma waɗanda ta riga ta nakasa suna nan, sun zama magidanta da matan aure, kuma kullum sai sun shiga wannan kewaye.

Inda haɗarin yake

Sai an kalli wankan bokiti daki-daki kafin a gane abin da yake nema daga jiki. Mai wanka yana shiga da bokiti ya dire shi a ƙasa, ya rataye tufa a katanga, ya tsuguna har ɗuwawu su kusa taɓa diddige. Hannu ɗaya na riƙe da moɗa ko kofi, ɗayan na riƙe da soso. In ya zo kan fuska sai ya rufe ido saboda kumfa, ido kuwa yana cikin abubuwan da jiki ke daidaita tsayuwa da su. In ya zo kan ƙafa sai ya ɗaga ɗaya ya goge kaushi, nauyinsa duka ya koma kan ɗayar. Ƙarƙashinsa daɓen siminti ne da aka shafe sumul aka karkata shi zuwa rariya, gefensa ya yi kore da gansakuka. A sababbin gidajen cikin garin Kazaure kuwa tayil ne, wanda ya fi simintin santsi in sabulu ya hau shi. Daga ƙarshe sai miƙewa, kuma a nan ne abin ya fi tsanani. Tashi daga tsugunno yana neman ƙarfin cinya da gwiwa fiye da tashi daga kujera, ga ƙafafu sun ɗauki mintuna a lanƙwashe, ga ruwan zafi na lokacin hunturu ya buɗe jijiyoyin jini, ta yadda jini kan yi jinkirin isa kai idan aka miƙe. Wanda ke shan maganin hawan jini ya fi saurin jin wannan jiri. Ya kai hannu neman madogara, abin da zai samu shi ne katangar ƙasa da ta jiƙe, ko zana, ko langa-langa mai kaifin baki. Mai shanyewar ɓarin jiki ma hannun nasa ɗaya ne: wanda ya kamata ya dafa bango shi ne yake riƙe da moɗa.

Alƙaluman duniya sun nuna girman lamarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kimanin 684,000 a shekara, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa. Cibiyar daƙile cututtuka ta Amurka ta gano cewa a 2008 kaɗai mutum kimanin 234,000 sun je sashen gaggawa saboda raunin da suka samu a banɗaki, kashi 81 cikin ɗari faɗuwa ce, kuma wajen kashi biyu cikin uku sun faru ne a wurin wanka ko kusa da shi. Tun a 1963 ma Sidney Katz da abokan aikinsa, da suka tsara ma'aunin ayyukan yau da kullum guda shida, suka lura cewa wanka ne mutum kan fara kasawa kafin sa tufa ko cin abinci. Za a iya cewa waɗannan alƙaluma na masu bahon kwanciya da shawa ne, ba su shafi mutumin Roni ba. Gaskiya ne ƙetare bakin baho ba matsalarsa ba ce. Amma ruwa da sabulu da rufe ido da tsayawa kan ƙafa ɗaya duk suna nan a wankansa, an kuma ƙara masa tsugunno da ɗaukar bokiti da duhun asuba. Bambancin da ke akwai ƙara masa nauyi yake yi.

Mazaunin da ya dace

Amsa ta farko da mai karatu zai bayar ita ce ai Bahaushe ya daɗe da kujerar wanka: ga 'yar tsugunno a kowane ɗakin mace, kuma wankan jego a zaune ake yinsa. Wannan hujja ce mai amfani, domin ta nuna zama a wurin wanka ba baƙon abu ba ne da za a sha wahalar koyarwa. Amma 'yar tsugunno gajera ce, da ƙyar take wuce taƙi. Tana hutar da ƙafa a lokacin wanka, sannan ta bar mai ita da ainihin matsalar, wato sauka ƙasa da tasowa. Ga ta da rashin nauyi, in aka dafa gefenta sai ta kife. Farar kujerar roba da ake kai wa majiyyaci a gidaje da yawa ta fi ta tsayi, sai dai ƙafafunta kan bubbuɗe a kan jiƙaƙƙen daɓe, rana kuma kan gasa robar har ta karye ba zato. Ita kuwa kujerar wanka ta alminiyan da ake shigo da ita, an ƙera ta ne don daɓe mai daidaito da ruwan da ke zubowa daga sama. A banɗakin Gwiwa za ta zauna a karkace, bokiti kuma yana ƙasa, sai mai wanka ya riƙa sunkuyawa daga sama yana ɗebo ruwa sau ashirin ko talatin, kowace sunkuyawa kuwa tana iya kifar da shi.

Abin da ake buƙata abu uku ne a haɗe. Mazauni wanda tsayinsa zai sa tafin ƙafa ya kwanta a ƙasa, cinya ta miƙe daidai. Ƙa'idar gine-gine ta Amurka ta sa shi tsakanin santimita 43 da 48, amma ma'auni na gaskiya shi ne ƙwaurin mai zaman, daga diddige zuwa bayan gwiwa. Sai dakali ko bulo biyu a gefen hannu mai lafiya, a ɗora bokiti. Sai madogara da aka kafa a ƙasa da kankare, bututun ƙarfe ko gungumen itace, ba wanda aka soka a katangar ƙasa ba. Mazaunin ya kasance da gibi a gaba ko tsakiya don ruwa ya wuce kuma hannu ya isa ko'ina. Kafinta zai iya yin sa da kirya ko maɗaci, waɗanda ke jure ruwa da gara. Mai walda zai iya yin sa da ƙarfe a shafa fenti saboda tsatsa. Magini zai iya ɗora shi da bulo ya shafe ba tare da ya yi sumul ba. Akwai gargaɗi guda da ba a wasa da shi: inda wurin wanka da masai suke kewaye ɗaya, kada a ɗora ginin bulo a kan rufin ramin, domin nauyi da danshi kan rufta shi. Hazel Jones da Bob Reed na Jami'ar Loughborough a Ingila sun tattara ire-iren waɗannan dabaru daga ƙasashen Afirka da Asiya a littafinsu na 2005, kuma yawancinsu da kayan gida aka yi su.

Kunya da ibada da kuɗi

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan duk wannan ita ce ta zumunci: a ƙasar Hausa ba a barin tsoho shi kaɗai, akwai 'ya'ya da jikoki da surukai, me ya sa za a maye gurbin hannun ɗan'uwa da itace? Wanda ya san cikin gida ya san inda hujjar take raunana. Tsohuwa za ta yarda surukarta ta dafa mata abinci, ta wanke mata zane, ta kai mata ruwa, amma ba za ta tuɓe a gabanta ba. Sai a ji surukar ta ce, "Inna, na kai miki ruwa," ita kuma ta amsa, "Bar shi, 'yar nan, yau sanyi nake ji." Gobe ma haka. Dattijon da matarsa ta rasu ko ta tsufa tare da shi, wa zai cuɗa shi? Kunya ba aibi ba ce da za a yi wa gangamin wayar da kai. Ita ce mutuncin da ya rage wa mutum bayan ƙarfi ya tafi, kuma duk tsarin da ya tilasta masa zaɓi tsakanin tsafta da rufin al'aura tsari ne mai cutarwa. Ita ma mai taimakon, ɗago babban mutum jiƙaƙƙe daga ƙasa yana iya kayar da su duka biyu.

Ga kuma fuskar ibada, wadda littattafan ƙasashen waje ba su cika kallo ba. A mazhabar Malikiyya, wadda ake karantarwa a makarantun zaure na wannan yanki ta Ahalari da Risala, cuɗa jiki farilla ne a wankan tsarki, kuma ana so a bi lungunan jiki kamar cibiya da hammata da bayan gwiwa da tafin ƙafa. Wanda hannunsa ɗaya ke dafe da bango ba zai iya cika wannan ba. Malamai sun yi rangwame ga wanda ya gaza, har da taimama ga marar lafiya, amma rangwamen na wanda ba shi da hanya ne, kuma mutane da yawa hankalinsu ya fi kwanciya in sun yi wankan da kansu. Al'ummar da ta saba ganin kujerar dattawa a gefen sahu a masallaci ba za ta ƙi ta a wurin da ake shirin sallar ba.

Saura batun kuɗi, kuma ba a raina shi a ƙauyen da ruwan wankan ma sai an sayo ko an jawo. Amma a auna kuɗin bulo shida da bututu ɗaya da kuɗin karayar kwankwaso: zirga-zirga wurin mai ɗori ko tafiya asibitin ƙashi na Dala a Kano, watanni a kwance, gyambon kwanciya, da mutum guda da zai bar gona ko kasuwa ya zauna jinya. Wani gwaji da Michael Keall da abokansa suka yi a gidaje 842 a Niyu Zilan, aka wallafa a mujallar Lancet a 2015, ya nuna cewa ƙananan gyare-gyare irin su madogara da maganin santsi da ƙarin haske sun rage raunin faɗuwa a gida da kashi 26 cikin ɗari. A lura, gyare-gyaren a haɗe aka gwada su, wanda ya yi daidai da matsayar wannan maƙala cewa kujera ita kaɗai ba ta isa ba. Masu cewa zama zai ƙara sangarta ƙafa suna da gaskiya cewa tsoho na buƙatar motsa jiki, sai dai wurin yin sa tsakar gida ne a kan busasshiyar ƙasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kujerar wanka da madogara cikin jerin kayan tallafi 50 mafi muhimmanci da ta fitar a 2016. Dokar Nijeriya ta hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar a gyara su don su dace da irin waɗannan mutane, amma ba ta shiga cikin gida ba. Jigawa kuwa ta taɓa nuna niyya, da alawus ɗin naira 7,000 a wata da gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan nakasassu a 2007. Hanyar shiga gida tana nan: masu duba-gari da kwamitocin tsafta da suka ƙirga masai za su iya ƙara tambaya ɗaya, ko akwai wanda tsugunno ke yi wa wuya a gidan. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure za ta iya gwada samfuri biyu ko uku ta fitar da awon da kafinta zai bi. A asibitocin Kazaure da Babura kuma, ranar da za a sallami mai shanyewar ɓarin jiki ko mai karaya, ma'aikacin jinya na iya auna ƙwaurinsa da igiya, ya yanke ta daidai tsayin, ya miƙa wa mai jinya ya kai wa kafinta kafin wankan farko a gida.