Matsewar Jijiyoyin Jini da Ciwon Ƙoda Bayan Dashen Hanta

Dashen hanta aiki ne da ake yi wa wanda hantarsa ta lalace ƙwarai. A ƙasarmu, cutar hanta nau'in B na cikin manyan musabbabin hakan. Dakta Thomas Starzl ne ya fara wannan aiki a Amurka a shekarar 1963. Masu buƙatarsa daga Nijeriya kan tafi ƙasashen waje kamar Indiya da Masar, su dawo gida da magungunan da za su sha har iyakar rayuwarsu.

Yadda matsalar ke faruwa

Domin kada jiki ya ƙi sabuwar hantar, ana ba majiyyaci takrolimus ko siklosporin. Waɗannan magunguna suna matse ƙananan jijiyoyin da ke kai jini cikin ƙoda. Idan jinin ya ragu, tacewar ƙoda ta ragu, hawan jini kuma ya biyo baya. Da farko abin kan gyaru idan likita ya daidaita adadin maganin, amma idan ya daɗe, ƙodar kan yi tabon da ba ya warkewa. Binciken da Dakta Akinlolu Ojo ya jagoranta a Amurka, wanda aka wallafa a 2003, ya nuna cewa kimanin kashi 18 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa dashen hanta sun kamu da ciwon ƙoda mai tsanani cikin shekara 5.

Abin da ke ƙara haɗarin a yankinmu

A Kankia da Kusada, zafin watannin Maris zuwa Mayu yana ƙarar da ruwan jiki, haka ma gudawa da amai. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen, waɗanda ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, suna ƙara rage jinin da ke shiga ƙoda. Jiƙe-jiƙen gargajiya ma suna iya cutar da hanta da ƙoda baki ɗaya.

Alamomi

Raguwar fitsari, kumburin ƙafa ko fuska, kasala da tashin zuciya. Sau da yawa babu alama ko ɗaya, sai gwajin jini ya nuna.

Shawarwarinmu

Muna kira ga majiyyaci da kada ya rage maganinsa ko ya daina sha da kansa, domin hakan na iya sa jiki ya ƙi hantar. Ya yawaita shan ruwa, ya tuntuɓi likita kafin ya ɗauki azumi, ya riƙa auna jini a Babban Asibitin Kankia ko cibiyar lafiya mafi kusa. Jami'an lafiya su gaggauta tura duk wanda ya nuna waɗannan alamomi zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Haka kuma muna roƙon dagatai da masu unguwanni su ja hankalin iyaye su kai jarirai allurar rigakafin cutar hanta nau'in B cikin awa 24 da haihuwa. Tun 2004 aka sa ta cikin rigakafin yara na ƙasa.