Lambar Waya da Aka Rubuta Daga Ƙarshe Zuwa Farko

A ƙarshen shekarun 1990, jami'o'i da manyan kamfanoni a Turai da Amurka suna keɓe ɗakuna na musamman don taro ta bidiyo. Na'urorin suna da tsada, wasunsu suna aiki da ƙa'idar H.323 wadda Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta fitar a 1996. Sai dai kiran ɗaki daga wani ɗakin ya zama jidali. Abin da ke hannun mai kira shi ne rimot mai maɓallan lambobi, ɗakin da yake nema kuwa yana zaune ne a intanet, inda adireshi ke da haruffa, ko kuma jerin alƙaluman da kan sauya ba tare da sanarwa ba. Kowa ya iya buga lambar waya. Abin da ya rage shi ne a koya wa intanet gane ta.

Maganin ya fito a watan Satumba na 2000, a wata gajeriyar takarda mai lamba RFC 2916, wadda injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Patrik Fältström, ya rubuta. Aka kira tsarin ENUM. Dabararsa ita ce a ɗora lambobin waya a kan DNS, wato kundin da tun 1983 yake fassara sunayen intanet zuwa adireshin kwamfuta. Lambar waya tana farawa da babban yanki ta gangaro zuwa ƙarami: ƙasa, gari, sannan layi. Sunan intanet kuwa akasin haka yake, babban yankin ne a ƙarshe. Saboda haka sai a juya lambar. A ɗauki +44 20 7946 0123, daga cikin lambobin da Birtaniya ta ware don fina-finai. A cire alamar tarawa, a jera alƙaluman daga ƙarshe zuwa farko, a sa ɗigo a tsakaninsu, a liƙa e164.arpa a baya, sai ta koma 3.2.1.0.6.4.9.7.0.2.4.4.e164.arpa. Ba ma sabuwar dabara ba ce: tun 1993 Marshall Rose da Carl Malamud sun juya lambobi haka a tpc.int don aika faks ta imel.

A ƙarƙashin wannan suna ake ajiye bayanan da ake kira NAPTR. Kowanne yana ɗauke da lambobi biyu masu nuna wanda za a fara gwadawa, da nau'in hidimar, kamar E2U+sip ko E2U+h323, sai ƙa'idar da ke mayar da lambar zuwa ainihin adireshin na'ura. Lamba ɗaya na iya samun bayanai da yawa: a fara neman ɗakin taro, in bai amsa ba a koma wata na'urar. In kuwa kundin bai san lambar ba, kira ya bi tsohuwar hanyar tarho.

Injiniya na iya kammala wannan saiti kafin shayinsa ya huce. Inda gizo ya yi saƙa shi ne batun mallaka. Lambobin waya dukiyar ƙasashe ne, kuma babu gwamnatin da za ta yarda a miƙa reshenta ga wanda ba ta sani ba. Aka shirya cewa cibiyar RIPE NCC da ke Amstadam ce za ta kula da e164.arpa, amma ba za ta ba kowa reshen wata ƙasa ba sai ITU ta tabbatar hukumomin ƙasar sun amince. Ostiriya ta buɗe nata ga jama'a a ƙarshen 2004, Jamus ta biyo baya a 2006. Lambar +1, wadda Amurka da Kanada da ƙasashen Karibiyan da dama ke tarayya a kanta, ba ta wuce matakin gwaji ba. Kamfanonin waya ma ba su yi ɗoki ba, kuma da wuya a ga laifinsu: duk kiran da ya tsallake layinsu ya bi intanet, kuɗin mintuna ne ya kuɓuce musu. Ga kuma fargabar cewa kundin da kowa ke iya tambaya zai zama taska ga masu damun mutane da kiran talla.

Jami'o'i suka gaji da jira. A 2006 ƙungiyar TERENA, wadda a lokacin take haɗa cibiyoyin sadarwar bincike da ilimi na Turai, ta kafa nata reshen, nrenum.net, da tsari iri ɗaya, amma cibiyar ilimi ta kowace ƙasa ce ke riƙe da lambobinta. A nan ne ENUM ya yi aikin da aka yi masa buri: malami ya buga lamba a rimot, fuskar abokin aikinsa na wata nahiya ta bayyana a allo.

Kafin tsarin ya game duniya, buƙatar ta sauya. Zoom ya fito a 2013, kuma zuwa lokacin annobar korona a 2020 taro ya koma mahaɗin da ake latsawa a waya, ba wanda ke tambayar lambar ɗaki. ENUM ya ci gaba da rayuwa a wurin da ba a zata ba, a cikin rufaffun kundayen kamfanonin waya, inda suke juya lambobi kamar yadda Fältström ya tsara don gano hanyar da kira zai bi tsakaninsu.