Matar da ta ce a'a ita kaɗai a majalisar Amurka

1/ Jama'a, akwai wata mata da nake tunawa duk lokacin da na ga 'yan majalisa sun amince da abu baki ɗaya, ba mai ko tari. Sunanta Jeannette Rankin. Ku ba ni minti biyar.

2/ An haife ta a 1880 kusa da garin Missoula a jihar Montana, 'yar fari a gidansu. Ta yi aikin taimakon marasa galihu, daga nan ta shiga fafutukar nema wa mata 'yancin jefa ƙuri'a. A 1914 Montana ta ba matanta wannan 'yanci, da guminta a ciki.

3/ A 1916 ta tsaya takara a jam'iyyar Republican, ta ci. Ita ce mace ta farko a tarihi da ta shiga majalisar dokokin Amurka. Ku lura fa, lokacin mata da yawa a ƙasar ba su da ikon zaɓe ma. Sai 1920 aka gyara kundin tsarin mulki aka ba su duka.

4/ Ko zama ba ta gama yi ba, jarrabawa ta zo. Afrilun 1917, shugaba Woodrow Wilson ya nemi a shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ranar 6 ga wata majalisar wakilai ta amince da ƙuri'a 373. Mutum 50 suka ƙi, har da ita.

5/ Maza 49 ne suka ƙi tare da ita, amma ita aka fi caccaka. Wasu 'yan uwanta masu fafutuka ma sun ce ta ja musu, yanzu za a ce mata ba za su iya siyasa ba. A 1918 ta nemi kujerar sanata, ta faɗi.

6/ Shekara 20 da ɗoriya tana wajen majalisa tana yaƙi da yaƙi. A 1940, tana da shekara 60, Montana ta sake zaɓenta.

7/ Nan ne wajen da ya fi taɓa ni. 7 ga Disamba 1941 Japan ta kai hari Pearl Harbor, mutum sama da 2,000 suka mutu. Ƙasa ta ɗauki zafi. Washegari aka kaɗa ƙuri'ar yaƙi. Sanatoci duka suka amince. A majalisar wakilai: 388 da 1.

8/ Wannan ɗayan ita ce. Ana yi mata ihu daga sama, abokan aiki na roƙonta ta canja ko ta yi shiru, ta ƙi. Hujjarta: ita mace ce, ba za a tura ta fagen daga ba, don haka ba za ta tura ɗan wani ba.

9/ Da aka tashi 'yan jarida suka yi mata caa, sai da ta fake a rumfar tarho har 'yan sanda suka zo suka raka ta ofis. Siyasarta ta ƙare a nan. Ba ta sake tsayawa ba a 1942.

10/ Ba ta yi laushi ba. Ta yi ta zuwa Indiya tana nazarin tafarkin Gandhi. A Janairun 1968, tana da shekara 87, ta jagoranci dubban mata a Washington suna adawa da yaƙin Vietnam. Ta rasu a 1973.

11/ Gaskiya, ni kaina ban ce ta yi daidai a 1941 ba. An kawo wa ƙasarta hari, ga Hitler can yana ta'asa. Mai cewa ta yi kuskure yana da hujja mai ƙarfi.

12/ Amma ta san abin da ƙuri'ar za ta ci mata, ta riga ta ɗanɗana a 1917, kuma ta sake. Yau mutum-mutuminta na tsaye a ginin majalisar da aka yi mata ihu.

13/ Da kai ne a kujerar nan ranar, me za ka ce da aka kira sunanka? Ina jiran amsoshinku.